Shaidar Kamun Baba

Alder Gap,
14 ga Agusta, 2022

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙugun naki, ya bar ki kina fita tafiyar safe? Yaya kuke fama da zafin Tucson? Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali Kirsimeti bai zo ba. Waya ce ba ta yi mana amfani. Ni sai na hau kan tudu kafin in samu layi, ke kuma kunnen ya ƙi, mu ƙare ina ihu kina cewa in maimaita. Maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta ihu ba ce.

Gona tana nan, tsirrai sun yi kyau bana, sai dai kasuwa ta mutu. Tun da aka halatta noman wiwi manyan kamfanoni suka shigo, mu na kan dutse muka zama 'yan kallo. Gidaje huɗu a kwarinmu sun rufe tun bara. A watan Yuni sufeton ƙaramar hukuma ya zo, ya tsaya a kan kwalbatin da Baba ya binne da hannunsa a mashigar rafi, ya ce ya yi ƙanƙanta, duk damina yana tura laka inda kifi ke ƙwai. Dole a tone shi a sa babba, a ƙara tankunan ruwa, in ba haka ba za su janye lasisina. Ba ni da halin wannan aiki, Mama. Kuma ba zan koma noman ɓoye ba, ko da zan rasa gonar.

Ana cikin haka sai ƙaramar hukuma ta buɗe wani tallafi, wai don waɗanda shekarun samamen 'yan sanda kan gonakin wiwi suka cutar. Na sauka gari na karɓo fom. Wata yarinya ce a ofishin, sunanta Yesenia, mai kirki, ta zauna ta bi sharuɗɗan da ni ɗaya bayan ɗaya. Zama a yankin, na cika. Ƙarancin abin hannu, na cika har na yi rara. Na ƙarshen ne ya tsayar da ni: sai an taɓa kama mutum a kan wiwi, ko an kama mahaifinsa ko mahaifiyarsa, kuma a kawo shaida a rubuce kafin ƙarshen Oktoba. Ta ce da zarar an karɓi takarduna sufeto zai ƙara mini shekara guda.

Da na ba Anti Verna labari, dariya ta yi har da tari. Kin tuna ta, maƙwabciyarmu ta tsallaken gada, har yanzu tana nan da bakinta. Cewa ta yi, "Ikon Allah. Da can in an kama ka ka shiga uku, yanzu in ba a kama ka ba ka shiga uku. Ke dai laifinki, Marnie, kin cika iya ɓuya."

To ni ba a taɓa kama ni ba. Saura Baba.

Na san ba ma taɓa maganar shekarar 1985. Shekara talatin da bakwai ke nan muna kewaye ta, ni da ke. Ban zo tone-tone ba. Abin da nake roƙo kawai, in kina da wata takarda da ta rage, ta kotu ko ta lauya ko ta gidan yari, ki aiko mini. Na birkice gidan nan kaf, ban samu ko ƙyalle ba. Kin san Baba, har ya rasu bai taɓa furta sunan wurin da ya yi shekara huɗun nan ba. "Lokacin da ba na nan" yake cewa.

Wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba. Gobarar daji na ci a bayan dutse, jirage masu saukar ungulu suna ta ɗibar ruwa a kogi. Shekaranjiya ɗaya ya bi ta kan gidan ƙasa-ƙasa ina shanya. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin mota ba, fuskata a cikin ƙasa. Ni da shekara arba'in da shida, ga lasisina a manne a bango.

Ki kula da kanki. Ki gaishe da maƙwabciyar nan taki mai kai ki asibiti.

Taki,
Marnie

Alder Gap,
3 ga Satumba, 2022

Mama,

Ina gaishe ki, ina kuma fata jikin da sauƙi. Katinki ya iso. Layi biyu ne, na karanta su ya fi sau goma: ba ki da komai, kuma in bar matattu su huta. Na ji. Amma ba zan iya bari ba, don masu rai ma suna bukatar wurin kwana.

Na je kotu. Ma'aikacin ya daɗe yana danne-danne, sannan ya ɗago yana murmushi kamar mai yi mini albishir, ya ce ai sunan Rollin Tolliver fes yake. Wai da aka halatta abin an bi tsofaffin shari'o'i an share, nasa na ciki, takardun kuma an daɗe da kawar da su. Na ce masa, "Wato ba a taɓa kama shi ba ke nan?" Ya ce, "A wurinmu dai, kamar haka ne." Na fito na zauna a kan matakala, na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutumin da ya dawo ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa, wanda ke cin abinci yana kare kwano da hannu, shi ne yau ake ce mini ba a taɓa shi ba. Na rubuta wa hukumar gidajen yari, sun ce amsa sai bayan wata shida.

Anti Verna ta ce za ta rantse a ko'ina, amma Yesenia ta ce shaidar maƙwabci ba ta isa ba. Abin da za su karɓa shi ne takardar rantsuwa daga wani da ke cikin aikin a ranar. Ta sassauta murya ta ce akwai wani tsohon ɗan sanda a bakin teku, Merle Stamper, ya taɓa yi wa wasu irin wannan. Sunan ya buge ni. Shi ne dogon nan mai jan gashin baki.

Ranar Lahadi na hau zuwa tsohon lambun Baba, wanda ke ɓoye a cikin kurmi. Rabona da wurin tun rasuwarsa. Daji ya cinye hanyar, sai da na sa adda. Baƙin tiyon da ya ja daga idon ruwa yana nan a kwance, ragar wayar da ya kewaye don barewa ta yi tsatsa ta faɗi. Na zauna a kan wani kututture, sai ranar ta dawo mini gaba ɗayanta, dalla-dalla yadda ban taɓa tuna ta ba.

Talata ce, ranar makaranta, amma kika ce in bar jaka, za mu gari sayen takalmi. Kika saya mini ja mai igiya, kika saya mini askirim tun ƙarfe goma na safe, ke da ba kya yarda da zaƙi kafin abinci. Muka yi ta yawo a shaguna ba ma sayen komai, har na gaji na fara ƙorafi. Da muka dawo kika tsayar da mota a bakin gada kika kashe. Na tambaye ki me muke jira. Can sai ga ƙarar, sai ga jirgi mai saukar ungulu ya taso daga bayan gidanmu da raga a rataye, cike da tsirran Baba, ganye na zubowa. Na ɓalle ƙofa na ruga, kina kirana. Na tarar da Baba a kife a tsakar gida, hannuwansa a baya, ƙafar wani a kan wuyansa. Karenmu Biscuit yana kwance a bakin tanki, bai gama mutuwa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadin shi ne gadar nan. Na yi ta juya abin, kuma kullum haka yake fitowa: kin kashe mota tun kafin a ji ƙarar komai. Wataƙila ƙwaƙwalwar yarinya 'yar shekara tara ce ke haɗa gaba da baya. Wataƙila kuma kin hango motocinsu ni ban gani ba.

Zan je wurin Mista Stamper mako mai zuwa. Ki yi mini addu'a kar in zage shi kafin ya sa hannu.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Marnie

Alder Gap,
19 ga Satumba, 2022

Mama,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Ban san ta inda zan fara ba, don haka zan bi abin yadda ya faru.

Na same shi a wani ɗan gida a bayan tashar masunta. Dogon mutumin nan ya ƙanƙance, gashin bakin ya yi fari, ga tiyon iska a hancinsa yana jan tukunyar a bayansa duk inda ya nufa. Na shirya maganganu masu zafi tun daga gida, tafiyar awa uku ina bitarsu. Ina faɗin sunana ya ce, "Tolliver. Gidan da ke da tanki kore. Ke ce mai jan takalmi." Sai duk abin da na shirya ya zube.

Ya sa na zauna, ya haɗa mini kofi da kansa yana haki. Ya ce gidaje sun fi ɗari biyu da ya shiga a shekarun nan, yawancinsu sun haɗe masa sun zama ɗaya, amma namu ya ƙi tafiya. Ya ce ba shi ya harbi karen ba, wani baƙo ne da aka turo musu daga kudu, amma shi ne babba a wurin, kuma bai hana ba. "Kin tsaya kina kallona," in ji shi, "ba ki yi kuka ba. Da kin yi kuka da na manta da ke tuni."

Na ce ni ba neman gafara na zo karɓa ba, takarda nake so. Ya ce ya sani. Ya ɗauki biro ya cika shafi biyu da rubutunsa mai karkarwa, muka tafi wurin matar da ke buga hatimin rantsuwa a kusa da gidan waya, ya ɗaga hannu ya rantse, ta buga, ta sa a ambulan. Ban karanta ba. Na ɗauka na san abin da ke ciki.

Da na mayar da shi gida, har ya sa ƙafa ɗaya a waje, sai ya juyo ya ce, "Mahaifiyarki tana raye?" Na ce tana nan. Ya ce, "Ki ce mata Merle ya ce ta yafe masa. Abin da ta roƙa ba shi muka yi mata ba."

Na ce, "Me ta roƙa?"

Na ga lokacin da ya gane ban sani ba, fuskarsa ta canja, ya so ya haɗiye maganar amma ta riga ta fita. Ya ce, "Wayyo, 'yata. Na zaci a gidanku an daɗe da gama wannan."

Ban bar shi ya sauka ba sai da ya faɗa. Ya ce ke kika zo ofishinsa da ƙafarki, mako guda kafin ranar. Kika zana masa hanyar lambun a bayan takardar cefane. Kika ce su sare tsirran, su ɗauke wata bindiga da ke can, su bar mijinki, kuma su zo ranar Talata da safe lokacin da za ki fitar da yarinya. Ya yi miki alkawari. Amma da aka ga yadda aka samu bindigar, magana ta fi ƙarfinsa, ta wuce hannun manya.

Na tuƙo mota na dawo, ban tuna hanyar ba ko kaɗan. A bakin gada na tsaya na buɗe ambulan. Yana nan a shafi na farko, layi na huɗu: bisa rahoton matarsa, Lucille Tolliver.

Shekara talatin da bakwai ina tsanar mutumin da ba ni da sunansa. Ina yarinya na zargi Dutch mai gyaran mota, har na daina gaishe shi, ya mutu bai san dalili ba. A gidan Kaka a Sacramento, ina kuka ina cewa in na girma sai na nemo wanda ya tona mana asiri, ke ce kike shafa mini kai.

Ba zan zage ki a takarda ba. Tambaya ɗaya ce: me ya sa?

Marnie

Alder Gap,
8 ga Oktoba, 2022

Zuwa ga Mama,

Ina fata kina lafiya. Kullum sai na sauka bakin titi na duba akwatin wasiƙa, ba komai. Na kira sau biyu, maƙwabciyarki ta ce kina nan, kina ci kina sha, amma kin ce ba za ki iya waya ba. To, ba komai. Ni zan yi maganar.

Mun fara girbi. Anti Verna tana zuwa taya ni gyaran ganye, muna zaune a rumfa da almakashi. Kwana uku muna haka, a na huɗu ta ajiye almakashinta ta ce, "Ke, wannan fuskar taki za ta sa ganyen ya yi ɗaci. Merle ya yi surutu ko?" Na ce wato ita ma ta sani. Ta ce, "Ni na ba uwarki aron mota ranar da ta je."

Na miƙe zan bar mata wurin, ta ce in zauna, ba ta da ƙafar bina. Sai ta ba ni labarin da na rasa.

Ta tuna mini cewa a bazarar shekarar ɓarayi sun addabi dutsen, suna zuwa dab da girbi su kwashe wahalar mutum ta shekara. Sun shiga wa Baba sau biyu. Daga nan ya daina barci, ya rame, ya fara ganin mutum a bayan kowace bishiya. Sai ya ɗaure bindigar farautarsa a jikin turke a kan siririyar hanyar lambu, ya ja waya daga kunamarta ya gitta hanyar, daidai gwiwar babba. Kin roƙe shi ya cire, ya ce ya cire. Wata safiya kika bi hanyar kina nemana, kika tarar da wayar tana nan a miƙe, ga ɗan bokitina da nake tsinkar baƙaƙen 'ya'yan ƙayar nan da kike mana jam na shafa wa burodi da su, a ajiye, taku uku kafin wayar. Ni kuwa ina can gefe ina bin malam buɗe littafi.

Anti Verna ta ce kin zo gidanta da bokitin a hannu. Ta ce da kin tafi da ni kawai, da ya biyo mu, da kuma wayar ta samu ɗan wani. Da kin kai ƙara wurin mazan dutse, da sun ce harkar gidansa ce.

Na tuna bokitin, Mama. Shuɗi ne, hannunsa farin roba. Na tuna kuma da yammar ranar Baba ya mare ni, marin da bai taɓa yi ba bai kuma sake ba, ya ce kar in ƙara bin hanyar nan, sannan ya shiga bayan rumfa ya yi ta amai. Ban taɓa haɗa su ba. Tun da ta faɗa mini, in ina tafiya a gona sai in ji kamar wani abu ya taɓa mini ƙwauri, in tsaya cak. Na koma lambun na nemi turken. Yana nan, har da ragowar igiya.

Ban ce na huce ba. Har yanzu in na rufe ido ina ganin ƙafar nan a wuyansa. Na kuma tuna irin abin da na gaya miki ranar da na cika sha bakwai na tattara kayana na dawo wurinsa, na ce ke kin gudu kin bar shi lokacin da ya fi bukatarki. Ba ki kare kanki ba, kika ninke mini riguna kawai.

Yanzu ga inda na tsaya. Kwamitin da ke duba takardun tallafin mutum bakwai ne, uku manoman yankin nan ne, ɗaya ɗan Dutch ne. Kin san dutsen nan. An yafe wa ɓarawo, an yafe wa wanda ya ƙona gonar wani, amma ba a taɓa yafe wa wanda ya kira 'yan sanda ba, ko ya mutu jikokinsa na ɗauke da sunan. Na koma wurin Mista Stamper don ya sake rubutawa ya cire layin, na tarar an kwantar da shi asibiti, ba ya gane kowa. Na tambayi Yesenia ko zan iya shafe layi ɗaya, ta ce takardar rantsuwa in an taɓa ta ta mutu.

Saura kwana ashirin da uku. Ambulan ɗin yana kan firji. Sunanki ne, ba nawa ba, kuma ba zan miƙa shi ba sai da izininki. In kin yi shiru, na ɗauka a'a ce, zan sa gonar a kasuwa bayan girbi. Ban faɗi haka don in matsa miki ba.

Ki sha maganinki.

'Yarki,
Marnie

Alder Gap,
6 ga Nuwamba, 2022

Mamana,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kin samu barci tun da kika rabu da kayan nan. Kwalin da kika aiko ya iso ranar ashirin da biyar ga Oktoba. Da na ga girmansa na zaci suwaita kika saƙa mini, sai na buɗe na ga rubutun Baba a kan ambulan na sama, da lambarsa, da jan hatimin gidan yari. Wasiƙa hamsin da biyu. Ke da kika ce ba ki da komai.

Na karanta 'yar takardarki tukuna. Kin ce in miƙa ta Merle ɗin, kin gaji, duk wanda zai zage ki ya zage ki. Na gode, Mama. Na san abin da rubuta wannan ya ci miki. Amma ban miƙa ba. Na kai wa Yesenia ambulan ɗin wasiƙun kawai, babu abin da ke ciki, ta jera su a tebur tana duba hatimi da kwanan wata, daga 1985 har 1989, ta kira shugabarta, suka ce wannan ta wadatar. Ta Merle na sa ta a murhu. Ya rasu ranar ashirin ga Oktoba, 'yarsa ta sanar da ni. Saƙonsa dai na isar miki.

Kwamiti ya zauna ranar Alhamis, an amince. Sufeto ya ƙara mini shekara, masu tono za su zo in ruwa ya ɗauke. Ɗan Dutch ya tare ni a bakin ofis ya riƙe hannuna ya ce, "Babanki namiji ne, Marnie, bai taɓa kiran sunan kowa ba." Na ce haka ne. Na zaci zan yi murna, sai na ji kamar na kai shekara huɗun Baba kasuwa an musanya mini da kwalbati. Anti Verna ta ce in daina wauta, da yana nan da shi zai fara zuwa layi, har ya yi ƙorafin sun yi rowa.

Kwana uku na yi ina karanta wasiƙun a rumfa. Ta farko zagi ce, ba ki bukatar in tuna miki. Ta shida ce ta karya ni, inda ya ce ya san ke ce tun a motar 'yan sanda, da ya ga sun nufi turken kai tsaye ba su yi lalube ba. Ya ce kullum yana mafarkin wayar, kuma a mafarkin ba kya zuwa da wuri. Ya ce kar ki taɓa gaya mini, don in na san dalilin sai na san abin da ya kusa yi mini, shi kuma ba zai iya ɗaukar wannan ba. Ya roƙe ki ki bar masa 'yarsa.

Kika bar masa. Na zauna da shi shekara ashirin, ina dafa masa abinci, ina jin haushinki a madadinsa, yana kallona bai ce komai ba. Yanzu ban san wanda zan yi fushi da shi ba. Ina kewaya gidan nan ina jin kamar yana ɗaki na gaba, ƙofa a buɗe yadda yake so, yana jira in shigo in yi masa tambayar, ni kuma na kasa shiga.

Na gama girbi, Anti Verna za ta kula da kaji. Zan taso ranar Juma'a, in kwana a hanya, in iso Asabar da rana in Allah ya yarda. Kar ki wahalar da kanki da girki, zan taho da burodin masara. Ba sai kin yi mini bayanin komai ba.

A ƙasan kwalin akwai wasiƙa uku na watanninsa na ƙarshe a can, ba a taɓa buɗe su ba. Na ɗaga su a rana, na juya su, na mayar. Sunanki ne a kai. Zan taho da su. In kin so mu buɗe tare, in kuma ba ki so, sai mu ajiye su a kan tebur mu sha shayi.

Sai na iso.

Taki har kullum,
Marnie